Ƙahon Duman Kawu

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya wata ranar Laraba bayan an gama yankan gero, a gidansa da ke Limawa, a Dutse, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Ni ɗan yayarsa ne, autanta, kuma ba ni na fi cancanta in rubuta wani abu a kansa ba. Karatuna bai wuce allo ba, sai ɗan bokon da na tsinta a wani kanti da na yi aiki a Kano. Amma na ga masu zuwa gaisuwa kowa ya ɗauki gutsuren mutumin ya tafi gida da shi, sai na ji tsoron nan gaba kaɗan ba za a sami mai haɗa shi wuri ɗaya ba.

Da aka dawo daga maƙabarta aka zauna a ƙofar gida, Liman ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Mutumin kirki ne. Ban taɓa waiwayawa na rasa shi a sahu ba. Allah dai ya yafe masa abin nan na kaɗe-kaɗe." Aka ce amin. Ni na fi kowa ɗaga murya da amin ɗin, don kunya ta kama ni.

Sarkin Pawa, abokin wasansa tun suna yara, ya zo yana dogara sanda. Bai ko gama zama ba ya ce, "To, ya cuce ni. Tun bara na kawo masa ƙwaryar furata ya ɗinke, kullum sai ya ce gobe. Yanzu ina zan bi shi?" Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi ma ya yi, sai kuma ya ja rawaninsa ya rufe fuska, aka daɗe bai buɗe ba.

Wani Bafulatani dattijo ya taso a ƙasa tun daga Buji. Ya ajiye wata tsohuwar ƙwarya a gabanmu, ya nuna ɗinkin da ke gefenta, ya ce ta uwar matarsa ce, Kawu ne ya ɗinke ta, har yau ba ta ɗigar da nono. Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Wa ya gaje shi?" Duk aka juyo wajena. Na sunkuyar da kai.

Inna kuwa, mahaifiyata, tana cikin gida, don tun rasuwar babanmu a gidan Kawu take zaune. Idonta ya daɗe da rufewa. Mata sun ce ba ta yi kuka mai sauti ba. Abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Ni na goya shi. Ni ya kamata ya raka."

Gyartai ne sana'ar Kawu, wato ɗinkin ƙwarya da duma. Mahaifinsu maharbi ne a Aujara, kuma idan maharba sun dawo daga daji masu garaya kan taru a ƙofar gidan su yi ta kiɗa. A nan Kawu ya fara taɓa ƙoƙon garaya, ya koyi fafe shi da ɗaura masa fata, har ya zama idan gurmi ko garaya ta canja murya shi ake kawo wa. Mutum ne gajere, mai saurin fushi, mai jinkirin aiki. Idan ka kai masa abu da kaka, ka gode Allah in ka karɓa kafin ruwa ya sauka. In ka matsa masa, sai ya miƙo maka kayanka yadda ka kawo su ya ce, "Ga shi, kai wa mai sauri."

Garmaho ya shigo Dutse ne a shekarun da Turawa suka zauna da gindinsu, aka fara sayen gyaɗa ana kai wa jirgi. Wani mai sayen gyaɗa daga Kano ya zo da shi, tsohon akwati ne mai hannun murɗawa da babban ƙaho na ƙarfe inda murya ke fitowa. A hanya jaki ya kwanta a kan ƙahon ya lotse. Maƙeri ya bubbuge shi ya miƙe, amma da aka sa faifai sai ka ce ƙudan zuma ya shiga tulu. Aka ce a gwada kai wa mai gyartai. Kawu ya zagaya akwatin, ya leƙa maƙogwaron, ya ce, "Wannan ai garaya ce aka juyo mata ciki waje." Ya ɗauko zunguru, dogon duman nan da mata ke sa hannu in sun ƙunsa lalle, ya yi wuya da shi, ya fafe gindin wata babbar ƙwarya ya yi baki, ya ɗinke su, ya liƙe ɗinkin da ƙaro da ƙullun dawa. Aka sa faifai, murya ta fito. Tun daga nan duk tsohon garmahon da Kano ta gaji da shi ya gangaro gabas, a hannun fatake ko tsofaffin sojoji, in ƙahonsa ya lalace Limawa ake nufa da shi, daga Kiyawa, daga Jahun, har daga Birnin Kudu.

Ba ya taɓa yin ƙaho mai shi ba ya wurin. Sai ya zaunar da kai, ya tambaye ka a ina kake ajiye akwatin, a soro ko a ɗakin ciyawa, kai kaɗai kake ji ko da baƙi. Sai ya sa faifan da ka fi so, ya ɗan ƙanƙare cikin duman da wuƙa, ya sake sawa. Ba ya kallon fuskarka, don ya ce fuska ta iya kara. Yatsun ƙafarka yake kallo. In sun fara motsi sai ya ajiye wuƙar. Abin da yake yawan faɗa shi ne, "Na auna duma da taƙi, amma ban taɓa samun inda zan ɗora taƙi a kunnen mutum ba."

Akwai wani tsohon soja da igwa ta kashe masa kunnen dama a yaƙin Jamus. Ya kawo akwatinsa yana cewa ƙahon ne ya mutu. Kawu ya saurara ya ji lafiya lau yake. Bai gaya masa ba. Ya riƙe akwatin ya nemi zunguru mai lanƙwasa, ya ƙanƙare shi har ya yi siriri, ya juya bakin yadda in mutumin ya zauna muryar za ta faɗa kunnensa na hagu. Da sojan ya ji ya buga cinya ya ce, "Ka gani? Na ce maka ƙahon ne!" Kawu ya ce, "Ƙwarai, Saja, ƙahon ne." Da ya tafi na tambaye shi don me bai faɗa masa gaskiya ba. Ya ce, "Ya san gaskiyar. Gyara ya zo nema."

Da mai sayen gyaɗan nan zai bar garin, ya bar wa Kawu akwatin da 'yan fayafai. Ɗaya daga ciki na wani mai garaya ne, ba mu san sunansa ba, rubutun ya goge. Lokacin idon Inna ya fara tafiya. Kawu ya shiga da akwatin ɗakinta bayan la'asar ya ce, "Yaya, na kawo miki Aujara." Ya sa mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Kiɗan dai shi ne. Amma wannan na zaure ne. Ni yaushe na taɓa zama a zaure?"

Kawu ya fashe da dariya. Shi namiji ne, a gaban makaɗa yake zama tun yana yaro. Ita kuwa daga bayan danga ta san garaya, tana niƙa, kiɗan yana ratso zana da garu kafin ya iso ta. Abin da ta riƙe a ranta ke nan. Rani guda ya yi yana mata ƙaho. Ya zaɓi duma mai kauri, ya bar tsokar cikinsa a wasu wurare bai ƙanƙare ba, ya liƙa 'yar kaɗa, wato auduga, a wuya, ya cire, ya mayar. Ya daina ɗora allurar ƙarfe a kan faifan, ya koma fiƙe ƙayar aduwa yana ɗorawa a madadinta. Kullum bayan la'asar ya sa mata kaɗan.

Sai ta ce, "Matsar da shi baya."

"Yanzu fa?"

"Haba, ka jefa shi rijiya. Ɗan fito da shi."

"Yaya, ke kam da sarauniya ce da an gudu an bar miki garin."

"Yi aikinka, ɗan nema. Da bakin nan na tauna maka gero."

Wata rana ya sa, ta saurara. Can sai ta ce a hankali, "Ga Baba can sun dawo." Daga ranar bai ƙara taɓa ƙahon da wuƙa ba. Da idonta ya rufe gaba ɗaya, abin da ya rage mata a yini ke nan: salla, da carbi, da faifan nan sau ɗaya bayan la'asar.

Ni kuma na tafi Kano neman abin kaina, na sami aiki a wani kanti mai sayar da garmaho. Akwai makaniki a wurin, mutumin Ikko, ya koya mini abin da har yau ban ce ƙarya ba ne. Ya nuna mini cewa ƙaho yana da lissafi: tsawonsa, da yadda maƙogwaro zai riƙa buɗewa a hankali, da faɗin baki, da santsin ciki. In ka bi awon, murya za ta fito duka, babu abin da zai maƙale. Na dawo gida da rula ta katako mai inci, da almakashin yankan gwangwani, da girman kai. Na fara yin ƙaho da gwangwanin kananzir, duk iri ɗaya, a kwana ɗaya in gama abin da Kawu zai yi wata yana yi.

Na auna ƙahon Inna ciki da waje, na zana a jikin allo, na kai wa Kawu. Na ce wuyan ya karkace, cikin kaushi gare shi, rabin muryar a ciki take mutuwa. Ya dubi allon ya dube ni ya ce, "To, Malam Inci. Mu je kasuwa a raba mu."

Ranar kasuwa aka ajiye akwati a gindin tsamiya, jama'a suka taru. Aka sa ƙahon Kawu, ba na Inna ba, wani da ya yi wa wani bafatake. Mutane suka riƙa ja da baya har inda suka daina ji, ba su wuce rumfar masu gishiri ba. Aka sa nawa, suka ja har bakin rijiya, suna ɗaga hannu wai har yanzu suna jin abin da mawaƙin ke faɗa. Aka yi ta shewa. Kawu ya tashi a gaban kowa ya ce, "Nasa ya fi nawa kaiwa nesa. Ya fi nawa fitar da magana. Duk wanda ya ce ba haka ba ne son kai ya yi mini." Sannan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ka auna nisa, ɗan Yaya. Saura ka gaya mini wa ya ce maka uwarka a bakin rijiya take zama."

Ban ji magana ba. Ranar da ya tafi cin kasuwar Shuwarin na shiga ɗakin Inna na cire duman na ɗaura gwangwanina, ina murna zan ji ta yaba. Ta saurara kaɗan ta ce, "Auta, cire mini abin nan, haƙorana yake taɓawa." Da Kawu ya dawo ya ji labari, ya same ni a zaure ya ce kunnena na haya ne, a kanti aka ba ni, in na tashi in mayar musu. Ni kuma na ce masa aikinsa na lalube ne, ba shi da kan da za a koya wa wani, ranar da ya mutu da shi za a binne. Na faɗa wa ƙanin mahaifiyata haka, a cikin gidansa, ina cin tuwonsa. Damina guda muna gaisawa a tsaye.

Shi ya fara saukowa, kuma ta hanyarsa. Wani ya zo neman ƙahon da za a sa a taron biki, sai ga shi a ƙofata ya ce Kawu ne ya turo shi, wai taro sai gwangwani. Daga nan masu biki da masu kanti duk suka dawo wurina, har masu ji a ɗaka ma da yawa suka biyo, don sun ga abin da ya faru a gindin tsamiya. Aikin ƙahonsa ya ragu, ya koma ɗinkin ƙwarya. Bai taɓa yi mini gori ba. Wani lokaci in ya sami mai son duma yakan aika a kira ni ya ce, "Zo ka zauna." In zauna, ya ƙanƙara, ya saurara, ya ƙanƙara. In na ce me ka ji, sai ya ce, "Ban san yadda zan faɗa maka ba. Zauna dai." In ya ba ni wuƙar kuma, kafin in yi ƙanƙara biyu ya fizge. Shi ba shi da haƙurin koyarwa, ni ba ni da haƙurin zama. Nakan ce ina da aiki a gida in tashi. Ina ganin akwai lokaci.

Ranar da ya rasu, bayan maganar da Liman ya yi, na shiga gida na ga akwatin a ɗakin Inna, bakin ƙahon yana kallon ƙofa, ga matan malamai suna shigowa gaisuwa. Na ce ba za a ga kayan kiɗa a gidan makoki ba. Na ɗauke shi na rasa inda zan ɓoye, sai na hau rumbu na ajiye shi a kan dawa na rufe. Ban tuna cewa da ƙullu aka liƙe ɗinkin ba.

Inna ba ta tambaya ba har aka yi sadakar arba'in. Washegari bayan la'asar ta ce, "Auta, ɗauko mini abin nan. Ina so in ji gida." Na hau rumbu. Ɓeraye sun bi ɗinkin sun cinye, sun shiga wuyan sun gaigaye shi, kaɗar da ke ciki sun kwashe ta. Da na ɗaga, ƙwaryar ta rabu da zungurun a hannuna. Akwatin da faifan lafiyarsu ƙalau.

Na gaya mata. Ta ce, "To, ai kai ma ka iya." Na ce na iya, Inna, har awonsa yana wurina.

Allon nan da na zana don in kunyata Kawu shi na ɗauko. Na zaga gonaki har na sami zunguru mai irin karkatar, na sami ƙwarya mai irin faɗin, na ɗinke, na bar tsoka inda na tuna ya bari. Na ɗora rula, bai kauce ba ko kaɗan. Na sa mata.

Ta ce, "Wannan mutumin a gabana yake zaune."

Na ƙara kaɗa a wuyan. Ta ce an toshe masa baki. Na rage. Ta ce ya koma zaure. Na sake wani ƙahon, na sake wani. Ni a kunnena duk kusan ɗaya suke da na Kawu, ita kuma tun kafin garayar ta gama buɗe baki take girgiza kai. Na leƙa ƙafarta ko zan ga abin da yake gani, tana lulluɓe da zane. Ga gaggawa irin tawa, fiƙe ƙaya yana cin lokaci, sai na riƙa gwaji da allurar ƙarfe da ke aljihuna. Ban lura ba sai da ta ce, "Wane ne yake soya abu a bayan makaɗin?" Na ɗaga faifan a rana, na ga layinsa ya yi fari. Dama tsoho ne, kuma kowane gwaji cinsa yake. Na aika Kano a nemo irinsa, aka ce ba a san shi ba, ba a ma san wa za a ce ana nema ba.

Na koma ƙaya, na rage gwajin, amma abin da ya tafi ya tafi. Ko da yau Allah zai ba ni kunnen Kawu, sai na sa faifan sau da yawa kafin in kai inda ya kai, kuma faifan ba zai kai ni can ba.

Ƙaho na ƙarshe na yi shi da iyakar abin da na sani. Na zauna a gabanta, na murɗa hannun, na ɗora ƙayar. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe, ba ta girgiza kai ba. Da ya ƙare ta laluba ta dafa kaina ta ce, "Ya yi, Auta. Allah ya yi maka albarka. Ajiye shi haka."

Na yi murna a ranar. Na fita har ina gaya wa mutane na samo shi.

An yi girbin wake, an shiga sanyi, an fita. Akwatin yana nan a ɗakinta inda na ajiye, ƙura ta hau bakin ƙahon. In an yi la'asar takan idar da salla, ta ja carbinta, ta jingina da bango har magariba. Nakan zauna a bakin ƙofa ina jira ta ce in sa mata. Ba ta sake cewa ba.

Ya Allah, ga bawanka gajere mai saurin fushi ya zo maka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka saka masa da alheri saboda yammacin da ya ba yayarsa shekara da shekaru. Ita kuma ka ba ta haƙuri, don ni ba ni da abin da zan ba ta.